Baƙin Allo: Tarihin Ɗakin da Aka Ba Ka a Kwamfutar da Ba Ka Taɓa Gani Ba



Duk wanda ya fara karatun kwamfuta a jami'a, ko ya kama hayar uwar garke don ɗora shafinsa, akwai wata rana da ba ya mantawa da ita. An turo maka abu uku: sunan shiga, kalmar sirri, da adireshin wata kwamfuta da ko ƙasar da take ba ka sani ba. Ka buɗe wata baƙar taga, ka rubuta ssh da sunanka da adireshin, aka ce ka sa kalmar sirri. Kana ta bugawa amma ba abin da ke fitowa, ko tauraro ɗaya babu, har ka fara zargin allon rubutunka ne ya lalace. Ka dai daure ka danna Enter. Sai ga alamar dala, $, da wani ɗan ɗigo yana ta ƙyafta maka ido. Shi ke nan fa. Babu hoto, babu abin taɓawa, babu mai ce maka sannu da zuwa.

Mu da muka taso da waya a hannu, ko a Landan ne, ko Jidda, ko Kumasi, ko Houston, mun saba komai sai an zana mana shi mu dangwala da yatsa. Shi ya sa da yawanmu suke rufe tagar nan a ranar farko, su ce wannan sai 'yan kutse na cikin fim. To amma duk abin da ya ɗaure maka kai a ranar nan yana da dalili, yana da shekara, yana da mutumin da ya sa shi. Idan ka san labarin, umarnin za su zauna maka ba sai ka yi hadda ba. Bari mu koma baya.

Lokacin da kwamfuta sai da bin layi

A shekarun 1950 kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki, kuɗinta kuwa sai gwamnati ko babbar jami'a ko babban kamfani. Mai son aiki da ita ba ya ma taɓa ta. Zai rubuta shirinsa a kan katuna masu huda, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin ta taga, ya tafi abinsa. Bayan sa'o'i, wani lokaci sai washegari, ya dawo ya karɓi takardar sakamako. In waƙafi ɗaya ya manta, to aikin ya tashi, sai ya gyara ya sake bin layi.

A jami'ar MIT da ke Amurka aka fara gajiya da wannan wahala. John McCarthy ya kawo shawara tun 1959 cewa ai na'urar ta fi mutum sauri nesa ba kusa ba, don haka me zai hana ta riƙa zagayawa tsakanin mutane da yawa, ta ba kowa ɗan ƙanƙanin lokaci, da saurin da kowa zai ga kamar shi kaɗai take saurare? Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gina abin, suka kira shi CTSS, suka nuna shi a watan Nuwamba na 1961 a kan kwamfutar IBM 709. Daga nan mutum ya fara zama gaban na'urar buga rubutu, ya rubuta wa kwamfuta umarni, ta amsa masa nan take. Wannan hira ta rubutu ita ce layin umarni, kuma ita ce kake yi yau.

Da zarar mutane da yawa sun haɗu a kan na'ura ɗaya, sai tambaya ta taso: wane ne wane, kuma kayan wa ke ina? A nan aka samo asusu da kalmar sirri. Kuma ka san halin ɗan Adam, ba a daɗe ba aka yi satar farko. A 1962 wani ɗalibin digiri na uku mai suna Allan Scherr, wanda aka ba awa 4 kacal a mako, ya nemi a buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, aka kuwa buga masa. Ya riƙa shiga da sunan wasu yana cin lokacinsu, sai bayan shekaru da yawa ya faɗa da bakinsa.

A wannan gida na MIT ne kuma wani Bafaranshe, Louis Pouzin, ya rubuta RUNCOM, manhajar da ke ba ka damar jera umarni a fayil ɗaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya raɗa wa manhajar da ke karɓar umarninka suna shell, wato ɓawo. Ka ɗauki gyaɗa: ƙwayar tana ciki, ita ce zuciyar babbar manhaja mai sarrafa na'ura, kai kuwa ɓawon kake taɓawa. Idan wata rana ka ga fayil mai suna .bashrc a ɗakinka, haruffan rc ɗin nan na ƙarshe gadon RUNCOM ne.

Matar ta yi tafiya, miji ya rubuta Unix

Bayan CTSS sai MIT da General Electric da Bell Labs suka haɗa kai don gina wani katafaren tsari mai suna Multics. Aikin ya yi nauyi, ya ci kuɗi, ya ja lokaci, har Bell Labs suka janye a 1969. Ma'aikatansu biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, abin ya dame su, domin sun riga sun ɗanɗani daɗin zama tare a kan na'ura ɗaya. Ritchie ya bayyana daga baya cewa abin da suke tsoron rasawa ya wuce wurin rubuta shiri kawai, zumuncin da ke ƙulluwa tsakanin masu aiki a na'ura ɗaya suke so su riƙe.

A bazarar 1969 matar Thompson ta ɗauki ɗansu ta tafi ganin dangi a California. Shi kuma ya samu wata tsohuwar kwamfuta, PDP-7, da ba wanda ya damu da ita a ofishinsu na Murray Hill a jihar New Jersey. Ya raba aikin mako-mako: ƙwayar tsarin, ɓawon, manhajar gyara rubutu, da mai juya shiri zuwa harshen na'ura. Kafin iyali su dawo, abin da aka sani da Unix ya tsaya da ƙafafunsa.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Mutanen wannan zamani ba su da allon kallo. Abin da suke da shi na'urar Teletype ce, irin ta aika telgiram, mai buga rubutu a kan doguwar takarda. Wadda ta fi yaɗuwa, Model 33 ta 1963, harafi 10 take bugawa a daƙiƙa, ga ƙara kamar injin niƙa, ga maɓallai masu tauri sai ka danna da ƙarfi. Layi ɗaya mai harafi 72 sai ya ci daƙiƙa 7. To wa zai tsaya rubuta doguwar kalma? Shi ya sa umarnin jero abin da ke cikin jaka ya zama ls, na kwafa ya zama cp, na matsarwa ko canza suna ya zama mv, na gogewa ya zama rm. Rowar haruffa ce da wahala ta koyar.

Wannan takarda ita ce kuma dalilin da ya sa ba ka ga kalmar sirrinka tana fitowa ba. In an buga ta, ai ta zauna a takarda, duk wanda ya tsinta a kwandon shara ya samu. Sai aka koya wa tsarin ya yi shiru a daidai wurin. Haka ma gyaran kuskure: tawada ba ta gogewa, don haka a Unix na farko in ka yi kuskuren harafi sai ka buga # alamar a manta da shi, in layin duka ne ka buga @. Har yau in ka rubuta tty a baƙin allonka, zai faɗa maka sunan tashar da kake kai, kuma tty ɗin nan gajarta sunan Teletype ne.

Zagayen ranar farko

To mu dawo gaban alamar dala. Alamar ta zama gama-gari ne daga ɓawon da wani Bature ɗan Ingila, Stephen Bourne, ya rubuta, wanda ya fito da Unix bugu na 7 a 1979. Ma'anarta ɗaya ce: ina jinka. Ɓawon da akasari za ka tarar a uwar garke yau shi ne bash, wanda Brian Fox, baƙar fata ɗan Amurka, ya rubuta wa gidauniyar Free Software Foundation ya sake shi a 1989 don kowa ya samu kyauta.

Abu na farko, ka san inda kake. Rubuta pwd, zai nuna maka wani abu kamar /home/sunanka. Wannan shi ne ɗakinka. Duk fayilolin na'urar a jere suke kamar bishiya, tushenta alamar / ce, jaka cikin jaka, tsarin da Unix ya gada daga Multics. Rubuta ls ka ga abin da ke ɗakin. In ka ƙara -l zai ba ka bayani dalla-dalla, girma da kwanan wata da mai shi. In ka ƙara -a zai fito da ɓoyayyun fayiloli, waɗanda sunansu ya fara da ɗigo. Da mkdir ake gina sabuwar jaka, da cd ake shiga cikinta, cd da ɗigo biyu kuma ya mayar da kai baya taki ɗaya. In ka ɓace gaba ɗaya, rubuta cd kaɗai, za ka tsinci kanka a ɗakinka. Shi ma cd ɗin da can chdir ake rubutawa, sai a bugu na 7 aka rage shi.

Za ka lura cewa in umarni ya yi nasara, ba a ce maka komai. Ka kwafi fayil, shiru. Ka gina jaka, shiru. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne. A zamanin takarda kowace kalma lokaci ce da tawada, sai aka bar magana sai in akwai matsala. Manhajar gyara rubutu ta Thompson, ed, in ka yi kuskure alamar tambaya ɗaya kawai take buga maka, kai ka gano sauran.

In ka manta yadda umarni ke aiki, rubuta man da sunansa. Littafin jagoran Unix na farko yana ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba 1971, kuma tsarin shafukansa, suna, yadda ake kira, bayani, har da sashen da marubuta ke lissafa kurakuran aikinsu, shi ne dai ake bi har yau. Danna q ka fita.

Sai abin da ya fi komai daɗi, bututu. Doug McIlroy, shugaban sashen su Thompson, ya daɗe yana naci cewa a riƙa haɗa manhajoji kamar yadda ake jona tiyon ban ruwa. A 1973 Thompson ya zauna dare ɗaya ya aiwatar. Alamar ita ce wannan tsayayyen layi, |. Misali who yana lissafa waɗanda ke kan na'urar yanzu, wc -l kuma yana ƙirga layuka. Ka rubuta who | wc -l, nan take ka san yawan tashoshin da ke buɗe a gidan. Ƙananan kayan aiki, kowane da sana'arsa ɗaya, kai ne mai haɗa su.

Wasu gadon kuma daga California suka zo. Saboda wata yarjejeniya da gwamnatin Amurka ta 1956, kamfanin AT&T mai Bell Labs ba shi da izinin shiga kasuwar kwamfuta, sai ya riƙa ba jami'o'i Unix da kuɗi kaɗan, har da asalin rubutun shirin. A jami'ar Berkeley wani ɗalibi, Bill Joy, ya rubuta manhajar gyara rubutu ta vi a kan wani allo mai suna ADM-3A. A allon rubutun na'urar an zana kibiyoyi a kan haruffan h, j, k da l, shi ya sa har yau da su ake yawo a vi. A maɓalli ɗaya kuma aka haɗa kalmar Home da alamar ~, kuma daga nan ake danganta yadda ~ ta zama laƙabin ɗakinka. In ka faɗa cikin vi ka rasa hanyar fita, kada ka ji kunya, dubbai sun riga ka: danna Esc, ka rubuta :q! ka danna Enter. Sabon shiga ya fara da nano, ita tana rubuta maka maɓallan a ƙasan allo. Ita kanta tagar da ka buɗe, in ka ƙirga za ka ga harafi 80 a layi, layi 24. Girman allon VT100 na 1978 ke nan, shi kuma 80 ɗin daga katin IBM mai huda na 1928 ya samo asali.

Zaman gidan haya

Duk wanda ya san gidan haya a zango ya riga ya fahimci Unix. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, famfo da tsakar gida na kowa ne, sannan akwai mai gida da ke riƙe da makullin kowane ɗaki. Mai gidan nan sunansa root, kuma in shi ne a zaune alamar dala takan koma #. Idan ka yi ls -l za ka ga wasu haruffa a farkon kowane layi, r da w da x. Su ne izinin karantawa, rubutawa da gudanarwa, an raba su gida uku: kai, ƙungiyarku, da sauran jama'a. Da chmod ake canza su. Fayil ɗin da ka bar wa kowa izinin karantawa, tamkar ka shanya wasiƙarka ne a igiyar tsakar gida.

Zaman tare kuma sai da ladabi. In ka saki wani aiki mai cinye ƙarfin na'ura, kowa zai ji a jikinsa, kamar mai tare famfo da asuba da jarkoki goma. Umarnin top zai nuna maka wanda ke cin me. Har akwai umarni mai suna nice, wanda aikinsa shi ne ka rage wa aikinka matsayi don wasu su samu.

Babban gargaɗi yana kan rm. A nan babu kwandon shara da za ka koma ka tono. Abin da ka goge ya tafi. In ka haɗa shi da -r zai bi jaka da duk abin da ke cikinta, in ka ƙara -f ko tambayarka ba zai yi ba. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya saki irin wannan umarni a inda bai dace ba, ma'aikata suna kallo kayan fim ɗin suna ɓacewa. Da aka je ga ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ta daɗe da lalacewa. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. In ƙwararru sun yi haka, ina ga ni da kai? Kafin ka danna Enter a kan rm, yi pwd, yi ls, ka tabbatar da inda kake tsaye. Haka in an ba ka izinin sudo, wato aron makullin mai gida, kada ka kwafo umarnin da ba ka gane ba daga intanet ka liƙa.

Yadda nesa ta zo kusa

Duk wannan a gini ɗaya ake yi, ko ta layin tarho. Ranar 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibi a jami'ar UCLA, Charley Kline, ya yi ƙoƙarin shiga wata kwamfuta da ke cibiyar bincike ta Stanford ta sabuwar hanyar ARPANET. Zai rubuta LOGIN, ya buga L, ya buga O, na'urar can ta faɗi. Ka ga ke nan saƙon farko a kan kakar intanet yunƙuri ne na shiga kwamfuta daga nesa, abin da kai ma ka yi a ranarka ta farko. Daga nan aka samu Telnet, ƙa'idar da ta yi shekaru tana wannan aiki.

Kafin shafukan yanar gizo masu hotuna, samun intanet yana nufin samun asusu a wata na'urar Unix. Ɗalibai suna samu a jami'a. Na waje kuwa sai su biya kuɗin wata, su kira lamba da modem. The World a jihar Massachusetts da Panix a New York duk sun fara a 1989. SDF, wadda ta faro a 1987, har yanzu tana ba jama'a asusu. A cikin baƙin allon nan ake komai: a karanta wasiƙa da Pine ta jami'ar Washington, a shiga yanar gizo da Lynx ta jami'ar Kansas, rubutu zalla ba hoto, a yi hira da talk, allo ya rabu biyu kana ganin haruffan abokinka suna fitowa ɗaya-ɗaya har da kurakuransa. Ku tambayi iyayenku ko kawunnanku da suka yi karatu a Ingila ko Amurka a farkon shekarun 1990, za ku ji wasunsu ta nan suka aika imel ɗinsu na farko.

Wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sayi kwamfuta a farkon 1991, kuma abin da yake so shi ne ya riƙa shiga na'urar Unix ta jami'a daga ɗakinsa. Ya rubuta 'yar manhajar da za ta yi masa wannan, ya yi ta ƙara mata abubuwa, har ta zama ƙwayar babbar manhaja. A watan Agusta na 1991 ya sanar da ita. Linux ke nan. Tun Nuwamba 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki, kuma ita ce a ƙarƙashin Android.

Kwaɗo da makulli

Telnet yana da babban aibi: duk abin da ka buga, har kalmar sirri, a fili yake tafiya, kamar ka ba ɗan aike wasiƙa ba ambulan. Lokacin da masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, ba a damu ba. Da jama'a suka yi yawa sai ɓarayi suka fara kasa kunne a kan waya. A 1995 aka gano an dasa manhajar satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta SSH, wadda ke rufe duk hirar da lissafin sirri, ya sake ta kyauta a watan Yuli na shekarar. Kafin shekarar ta ƙare an kiyasta masu amfani da ita sun kai 20,000 a ƙasashe 50. Da zai nemi lambar ƙofa, ya ga FTP na da 21, Telnet na da 23, 22 kuma ba kowa, sai ya roƙa aka ba shi. A 1999 mutanen OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda ita ce a yawancin na'urori yau. A shekarar ce kuma Simon Tatham ɗan Ingila ya saki PuTTY, wadda masu Windows suka yi shekaru suna dogaro da ita kafin Microsoft ya sa ssh a cikin Windows 10.

Wannan tarihi shi ke bayyana tambayar da aka yi maka a shigarka ta farko, lokacin da aka nuna maka wasu dogayen haruffa aka ce ka rubuta yes. Shaidar na'urar ce, kamar zanen yatsa. Kwamfutarka za ta adana ta, in wata rana ta canza sai ta yi maka ihu, don wataƙila wani ne ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayon uwar garken. Da ka saba kuma, ka bar kalmar sirri ka koma makulli. Umarnin ssh-keygen zai ƙera maka abu biyu. Ɗaya kamar kwaɗo ne, ka kai shi uwar garke, kowa ma ya gani ba komai. Ɗayan shi ne ɗan makullin, yana zaune a kwamfutarka, ba a ba kowa, ba a tura shi ta WhatsApp. Ka sani duk na'urar da ta buɗe ƙofa ta 22 ga duniya, dare da rana akwai manhajojin ɓarayi da ke gwada kalmomin sirri a kanta.

Kuma har yanzu ana fafatawa a bakin wannan ƙofa. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta ssh na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi, sai ya tarar an ɓoye ƙofar baya a cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, saura ƙiris ta bazu a manyan nau'o'in Linux. Mutum ɗaya da ya san yadda na'urarsa ke numfashi ya tare abin.

Ina ƙ da ɗ da ɓ?

Akwai wani ɓangare na labarin da ya taɓa mu kai tsaye. Teletype da Unix na farko da tsarin ASCII na 1963 suke aiki, mai gurbi 128 kacal, an yi shi don Turancin Amurka. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Shi ya sa Hausar intanet ta farko ta cika da k' da d' da b', ko a bar ƙugiyar gaba ɗaya, mai karatu ya yi ta canka ko ƙasa ake nufi ko kasa. Unicode da ya fito a 1991 ya ba haruffanmu lambobi, amma sai an samu hanyar rubuta su da ba za ta rikita tsofaffin manhajoji ba. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson ɗin nan dai, tare da Rob Pike, suka tsara UTF-8, a kan takardar shimfiɗa faranti a wani gidan abinci a New Jersey. Yau kana iya rubuta mkdir ƙauye a uwar garke ta amsa ba gardama. Rubuta locale ka gani, in akwai UTF-8 a amsar to ka huta.

A Afirka ma ta wannan baƙin allo intanet ta shigo. Kamfanin Nii Quaynor ne ya haɗa Ghana da intanet a 1995, kuma ƙungiyar AfNOG ta yi ta horar da injiniyoyin nahiyar a kan sarrafa Unix, ta yi taro a Accra a 2001, a Abuja a 2007. Wasunmu kuma za su tuna faifan Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2004, wanda ake aiko wa mutum kyauta ta gidan waya har zuwa 2011.

Yau abin da ake kira gajimare, tun daga lokacin da Amazon ya fara ba da hayar na'urori a 2006, shi ne dai tsohon tunanin McCarthy da Corbató: na'ura tana can nesa, kai kana nan, ana raba ta. Shafin masallacin unguwarku, ƙamus ɗin Hausa da kake mafarkin ɗorawa, rumbun hotunan kakanni da kuke so ku adana ba a hannun wani kamfanin sada zumunta ba, duk a kan irin wannan na'ura za su zauna, kuma dole wani a cikinmu ya iya buɗe ƙofar. A 2014 wani marubuci, Paul Ford, ya buɗe na'ura ɗaya mai suna tilde.club ya ce duk mai so ya zo a ba shi ɗaki, mutane suka yi ta tururuwa har layi ya yi tsawo, shekara 45 bayan PDP-7.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, in an ba ku asusu kada ku rufe tagar. Umarni goma sun isa makon farko: pwd, ls, cd, mkdir, cp, mv, cat don karanta fayil, nano, man, sai rm da taka-tsantsan. Ku gina jaka ɗaya ta gwaji ku yi ta ɓarna a cikinta. In abu ya maƙale, Ctrl da C zai tsayar da shi. Maɓallin Tab zai ƙarasa muku dogon suna, kibiyar sama kuma ta dawo da umarnin baya. In kun gama, kada ku bar ɗaki a buɗe, ku rubuta exit.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.